Farantin da Na Ɗora a Soron Alhaji Mu'azu

Ku da kuke zuwa shagona sayen wayar wuta kuna cewa aikin sola ba wuya, a ɗora faranti, a ja waya biyu, a kama gaba, ban taɓa musa muku ba. Ƙarfin musun ya ƙare mini. Amma kun dame ni in ba ku labarin yadda na fara, ni kuma na fi iya rubutu da magana, don haka ga shi a takarda. Wanda ya gaji ya ajiye.

Aikin farko da aka ba ni a shagon Baba Rafi'u, a Funtua, wanke kan batir ne. A ƙarshen shekarun saba'in na fito daga makarantar koyon sana'a, da takardar shaida da littattafan lantarki uku waɗanda na kusa haddacewa, ina tsammanin za a miƙo mini rediyo in buɗe. Baba Rafi'u Bayarabe ne, ya zo garin tun yana saurayi, kuma ya fi wasunmu iya karin magana. Ya karɓi takardar, ya juya bayanta, ya mayar mini.

"Takarda ba ta jin shokin," ya ce. "Ɗauki buroshi."

A lokacin ƙauyuka ba wuta. Duk mai rediyon kaset ko talabijin mai hoto baƙi da fari da batirin mota yake kunnawa, idan ya yi sanyi ya ɗaure shi a bayan babur ya kawo mana caji. Daga Maska ake zuwa, daga ƙauyukan hanyar Malumfashi, wani lokaci har daga wajen Kafur. Kan batir yakan tara wani farin gari mai kore-kore. Ruwan zafi da kanwa muke zuba masa, mu goge da buroshin ƙarfe, mu shafa giris. Ruwan cikinsa kuwa ba ya barin tufa. A shekarata ta farko wando huɗu na yi, duk sun zama rariya daga gwiwa zuwa ƙasa.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Filaya biyu, sukudireba manya da ƙanana, dalma, da ƙarfen liƙi wanda muke turawa cikin gawayi idan an ɗauke wuta. Akwai sirinjin gilashi na gwada ƙarfin ruwan batir. Sai mita mai allura guda ɗaya, wadda Baba yake naɗewa a tsumma ya kulle a akwati. Sai da na shekara biyu kafin ya bari na taɓa ta. Duk abin da na gwada nakan rubuta a ɗan littafi da ke aljihuna, kowane batir da ranar da ya zo da yadda ya tafi. Ba na hira da masu kawo aiki, gaisuwa ma da ƙyar take fita. Shi ya sa Baba ya sa mini Malam Shiru, sunan ya bi ni har kasuwa, wasu ba su san sunana Sada ba.

Farantan sola na farko da na gani, a wajen gwanjo na gan su, cikin shekarun tamanin. Wani aikin gona ne ya tashi, Turawan da ke riƙe da shi sun tafi, aka fito da tarkace ana sayarwa. Tsakanin tsofaffin tayoyi da kujeru na ga gilasai uku masu firam ɗin alminiyam, kowanne bai wuce tagar ɗaki ba, da baƙaƙen da'ira a jere a ciki. Da su ake cajin rediyon oba-oba na ma'aikatan da ke daji. Ba wanda ya taya. Wani ya ce teburin shayi za a yi da su. Ni na san su, don na ga hotonsu a littafi. Na sayar da kekena da rabon audugar da na samu a gonar gado, na saye su duka ukun.

Baba na fara nuna wa. Na jingina ɗaya a rana, na sa mita, allura ta tashi. Ya daɗe yana kallo.

"Wato mutum yana zaune a gidansa, rana ta cika masa batir?"

"Haka ne, Baba."

"Kai Malam Shiru, ashe shirunka na mugunta ne. Ni da cajin batir nake ciyar da 'ya'ya tara, ka kawo mini abin da zai hana batir zuwa. Fitar mini da shi daga ƙofar shago kafin mutane su gani."

Da dariya ya faɗa, amma bai yarda na sake jingina shi a nan ba.

Na farko da ya saya Oga Sunday ne, Inyamuri mai kemis a Sabon Gari. Tambaya biyu ya yi mini: awa nawa fitila za ta yi idan an ɗauke wuta, kuma ɓarawo zai iya cirewa? Ya kira mai walda ya yi wa farantin keji a kan kwanon shagonsa. Na hau, na ɗaure, na sauko, ba wanda ya ɗaga kai ya dube ni. Gidajen haya ne a wajen, tsakar gida ɗaya, kowa yana ganin kowa. Wani Ardo kuma da ya zo sayen maganin tari ya ga fitilar, ya biyo ni har shago. Ya ɗaga farantin ya ji nauyinsa, ya tambaya ko zai jure tafiya a bayan takarkari idan sun tashi. Da na ce gilashi ne, ya ajiye a hankali. Ya ce ko da ba ya fashewa, haske a ruga kiran ɓarayi ne, tocila ta ishe shi.

Aikin da na sa rai a kansa na Alhaji Mu'azu ne. Babban manomi ne a wani ƙauye bayan Maska, masara da auduga, kuma duk kwana uku batirinsa yana bencinmu saboda talabijin. Ya gaji da jigila. Ya ce in zo in saka masa. Ya kuma ce mutum huɗu cikin abokansa suna jira su gani, idan nasa ya yi, su ma za su saka. Na riga na sami wani a Kaduna da ya ce zai iya samo ƙarin faranti. Lissafina shi ne, idan ƙauyen nan ya karɓa, zan bar bencin batir in buɗe shagon kaina. Abin da ke gabana ke nan ranar da na ɗaure farantin a bayan babur ɗin aro.

Gidan Alhaji ginin ƙasa ne, da soro mai rufin azara a kan turakarsa, wadda ke manne da zaure. Nan ne wuri mafi tsawo, nan rana take wuni. Ya sa aka jingina mini tsani, ya tafi gona, ya ce in yi aikina.

To, kun san ƙa'idar hawa bisa a garuruwanmu, ko da yake yanzu naku hawan ba sallama. Magini idan zai yaɓe soro, tun jiya ake aika wa maƙwabta. Idan ya kama tsani kuma sai ya ɗaga murya sau uku, "Za a hau bisa! Mata a kintsa!" ya ɗan dakata, sannan ya taka. Domin daga kan soro tsakar gidan mutum huɗu ko biyar a tafin hannunka take. Na san wannan sarai, a cikinsa na girma. Na kama tsanin, na buɗe baki, na faɗa sau ɗaya. Ko akuyar da ke ɗaure a gindin tsanin ba ta juyo ba. Na ga kamar idan na sake, mutanen da ke zaune a ƙofar masallaci za su yi ta kallona. Sai na hau.

Littafi ya ce kafin a kafa faranti a duba inda inuwa za ta faɗo daga safe zuwa yamma. Don haka na miƙe tsaye a tsakiyar soron, na fito da ɗan littafina. Na fuskanci gabas na zana katanga da bishiyar mangwaron da ke bayanta. Na juya kudu na zana. Na juya yamma, na juya arewa. A natse na yi, ban bar ko reshe ba. Ina cikin auna tsawon mangwaron da fensir, ido ɗaya a rufe, na ji an ƙwalla salati daga ƙasa, na ji gudu da faɗuwar kujera. Matar maƙwabcin Alhaji ce ake yi wa kitso a gindin bishiyar. Wallahi ban gan ta ba sai da ta tashi.

Na gama aikin duk da haka. Na karkata farantin kaɗan ya dubi kudu, na ɗaure shi a katako, na ja waya ta indararo zuwa turaka, na sa ɗan ƙarfen da ke hana wuta komawa baya idan rana ta faɗi. Aiki ne mai kyau. Ko yau aka ce in sake, haka zan yi shi. Ina naɗe ragowar waya aka ce Mai Unguwa yana kira.

Zauren Mai Unguwa ya cika. Maƙwabcin, Malam Ɗayyabu, siririn dattijo ne mai sayar da goro, yana tsaye ya ƙi zama. Alhaji Mu'azu an kira shi daga gona, ƙafarsa duk ƙasa.

"Ranka ya daɗe, da hawa kawai ya yi da na ce kuskure ne," in ji Malam Ɗayyabu. "Tsayawa ya yi yana juyi kamar ladan, yana kanne ido ɗaya, yana rubutu! A tambaye shi me yake rubutawa."

Mai Unguwa ya miƙo hannu, na ba shi littafin. Ya buɗe, Malam Ɗayyabu ya leƙo ta kafaɗarsa.

"La ilaha illallahu! Ga gidana nan! Ga katangata, ga mangwarona. Wannan ɗigon kuma mene ne, matata ce?"

"Rijiya ce," na ce.

"Har rijiyar ya gani!"

Wasu suka yi dariya, wasu ba su yi ba. Mai Unguwa ya dube ni.

"Yaro, ka yi kira kafin ka hau?"

"Na yi, ranka ya daɗe."

"Wa ya ji?"

Wani daga baya ya ce, "Ko yanzu ma ba mu ji abin da ya ce ba."

Alhaji ya ba da haƙuri, ya ce yaron kirki ne, ya san shi shekaru, ko mace ta zo shago ba ya iya ɗaga ido. Na durƙusa na ba Malam Ɗayyabu haƙuri. Maganar ta kusa mutuwa. Sai Mai Unguwa ya yi tambayar da ta fi duka.

"Wannan gilashin, tunda an ɗora shi, shi ke nan? Ba a sake hawa?"

Da wani ne da ya ce shi ke nan. Ni na faɗi abin da ke cikin littafi. Na ce tsuntsaye suna ɓata shi, ƙaiƙayi yana sauka a kansa lokacin sussuka, ana so duk mako a hau a goge.

"Duk mako," in ji Malam Ɗayyabu, a hankali, yana duban mutane ɗaya bayan ɗaya. "Magini sau ɗaya yake hawa a shekara. Alhaji, shekara talatin muna katanga ɗaya da kai. Saboda akwatin hoto za ka sa iyalina su riƙa ɓuya a gidansu duk mako?"

Alhaji ya sunkuyar da kai. Aka yanke a sauko da shi a ranar. Wani magini aka sa ya yi mini kiran, muryarsa har bakin kasuwa, sannan na hau na kwance abin da na ɗaura da safe.

Sabon wurin da aka samu tsakar gidan Alhaji ne. Aka ce mata su shiga ɗaki, aka shigar da ni. Na kafa turaku huɗu tsawon ƙugu, nesa da rumbu da inuwar katanga, na ɗora farantin, na binne waya zuwa turaka. Wurin ba laifi, yana samun rana daga hantsi har la'asar. Kafin in tafi na zauna na rubuta yadda za a kula da shi, shafi biyu, da lamba ɗaya zuwa goma, da kyakkyawan rubutu. Na ba Alhaji. Ya yaba, ya ninke, ya sa a aljihu. Sai daga baya na san ajami kaɗai yake karantawa, kuma ba mai karatun boko a gidan. Abin da ya faɗa wa iyalinsa kawai shi ne abin nan da tsada yake, a kula da shi.

Bayan mako biyu ya aiko cewa hoto yana tsukewa tun ba a gama labarai ba. Na je bayan la'asar, don lokacin yake gida, kuma ba a shiga gidan mutum ba ya nan. Na tsaya a turaka na gwada waya. Wuta kaɗan ce ke shigowa, amma da yamma dama haka take. Na tambaya ko wani abu yana rufe farantin.

"A buɗe yake, tas kamar madubi," ya ce. "Kullum da asuba ina gani, da magariba ina gani."

Na canza ɗan ƙarfen, na sake liƙe kan waya, na ƙara wa batir ruwa. Na ce ya kawo shi Funtua a yi masa caji ɗaya mai kyau. Ya ƙi. Ya riga ya faɗa a majalisa cewa shi da jigilar batir har abada, ba zai bari a gan shi da shi a bayan babur ba. Na koma karo na biyu, na tone wayar da na binne daga bakin turaka, ban ga komai ba. Kowace tafiya mai ne da yini guda, Baba kuma yana tambaya ko na koma ƙauye da zama.

Karo na uku na ƙi jiran yamma. Da rana tsaka na isa, Alhaji yana kasuwar Funtua. Turakar ta zaure ake shigarta, kuma ya bar mini izini. Na sa mita a kan waya. A waje rana kamar ta fasa kai, allura kuwa ko motsi. Na fito zaure na yi sallama, na sake yi, na sake. Can sai ga wata tsohuwa da sanda, mahaifiyar Alhaji, wadda ake kira Hajiya Babba.

"Wane ne?"

"Sada ne, Hajiya, mai gyaran wuta."

"Au, mai zana gidajen mutane?"

"Ni ne, Hajiya."

Na ce ina so in ga farantin yanzu, ba da yamma ba. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Jikana ya girme ka. Bari in kora su ɗaki. Ka sa idonka a ƙasa, kuma littafin nan ya zauna a aljihu."

Na shiga. Ga turakun nan huɗu da na kafa, ga waya lafiya. A kan farantin an shimfiɗa farin ƙyalle mai aikin hannu, da furanni ja da kore a gefe, irin wanda ake rufe keken ɗinki da shi. A kan ƙyallen kuma tabarma, an danne da duwatsu biyu.

"Hajiya, wa ya rufe shi?"

"Ni mana. Wa zai kula in ban kula ba? Washegarin da ka kafa shi na taɓa shi da azahar, ɗan nan, sai da na janye hannu. Kamar tanda. Gilashin fitila ma da ya fi shi ƙanƙanta zafi yana fasa shi. Mu'azu ya zuba kuɗi a abu, in zauna ina kallo rana ta tarwatsa shi?"

"Hajiya, ai ranar yake ci. Ita ce abincinsa."

"Na sani, an faɗa mini. Ina barinsa ya ci ta safe. Da hantsi ya yi zafi in rufe, bayan la'asar in buɗe ya sha iska, in goge shi. Kai da kake cin tuwo, a cikin tukunya kake kwana?"

Na yi mata bayani yadda na iya. Ta saurara har ƙarshe, ta ce to, ta ji, amma ita a rayuwarta ba ta taɓa ganin abin kirki da ake bari a rana ba sai barkono da kuɓewa. Ta ɗage duwatsun da kanta. Na koma turaka, allura ta tashi har inda littafi ya ce.

Sai dai an makara. Mako shida ana zuƙar batirin ba a mayar masa, na gwada ruwansa da sirinji, gida biyu cikin gidajen ruwansa shida sun mutu. Shekarar kuwa ita ce wadda damina ta ɗauke da wuri, masara ta bushe a tsaye tana goyo, kayan waje kuma suka ɓace daga kasuwa. Sabon batir ko da kuɗinka sai ka san wani. Na jira Alhaji ya dawo na faɗa masa komai.

"Sada, ba zan shiga in ce wa mahaifiyata ita ta kashe shi ba. Kuma ba zan sayi batir a shekarar da nake auna wa gidana hatsi da kwano ba. Na ɓata da maƙwabcina, an yi mini dariya a majalisa. Ya isa. Zo gobe ka ɗauki abinka."

Maganar kuɗi a tsaye muka gama ta, ba ta da daɗin faɗa. Mutum huɗun nan ba wanda ya sake nemana, na Kaduna ma ban sake zuwa wurinsa ba. Na koma kan bencin batir, kuma a kansa na yi shekarun da suka fi ƙarfi a jikina. Lokacin da sola ta dawo ta cika gari, gwiwata ta daina hawa tsani. Don haka idan kun je gida, kafin ku auna rana ku tambayi wa yake wuni a cikinsa, da wa ke bayan katanga, ku yi musu magana da baki, da ƙarfi. Ni waya ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Washegari na je da babur. Alhaji ya sa an kwance farantin an fito da shi zaure, don kada a sake korar mata ɗaki. Ina ɗaure shi mutanen ƙofar masallaci suna kallo. Ɗaya daga cikin huɗun ya ce, "Malam Shiru, mun ji labari. Ba ya son inuwa, ba ya son mayafi, ba ya son maƙwabta. Wannan ko surukin mutum ne ai sai haƙuri." Aka yi dariya. Na ci gaba da ɗaurina.

Na ɗora ƙafa zan tayar ke nan sai ga Hajiya Babba ta fito har bakin zaure, da farin ƙyallen nan a ninke a hannunta.

"Tsaya, ɗan nan. Haka za ka tafi da shi tsirara, tafiya mai nisa? Ungo, na bar masa. Wanke shi na yi."

Na sauka, na karɓa da hannu biyu, na yi godiya. Tana tsaye tana kallo, don haka na kwance igiyar, na lulluɓe farantin, na soke gefen ƙyallen ta ƙasa yadda ta nuna mini da sanda, na sake ɗaurewa. Har muka shiga Funtua rana ba ta taɓa shi ba.